Likitar Jamus da Gwiwar Malam Tanimu

Wata rana, ranar wata Litinin da hantsi, aka shigo da wani dattijo ɗakin ganin likita a wani asibitin gwamnati. Ba zan faɗi sunan garin ba, kada wani ya ce da shi nake.

Sunan dattijon Malam Tanimu. Surukinsa Sabi'u, mijin 'yarsa, shi ya riƙo shi. Ƙafarsa ta dama a naɗe take da tsumma.

Tun kafin a kwance tsumman, wari ya cika ɗakin.

Likitar da ke kan kujera ranar ita ce Dakta Shamsiyya. Watanta biyar ke nan da dawowa daga Jamus, inda ta yi shekara goma sha biyu tana karatun likita da aikin tiyata.

Ku tsaya in gaya muku wace ce Shamsiyya, don kada ku yanke mata hukunci tun ba ku san ta ba.

Ranar da ta bar gida tana 'yar shekara goma sha takwas, ko motar haya ba ta taɓa shiga ita kaɗai ba. In malami ya yi mata tambaya, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi, alhali ta san amsar.

Can ta je ta tarar ba uwa, ba uba, ba mai cewa sannu.

Ta koyi yarensu dole, don ko burodi ba za ta iya saya ba sai da shi. Ta yi azumin awa goma sha takwas. Ta yi kuka a tashar jirgin ƙasa ranar da sanyi ya hana yatsunta riƙe tikiti. Ta yi aiki a gidan kula da tsofaffi, tana wanke su, tana ba su abinci a baki.

Wahala ta gasa ta, ta kuma gyara ta.

Ta dawo mace mai tsayawa da ƙafarta. Ƙarfe takwas in ta ce, to takwas ɗin ce. Ba ta taɓa majinyaci sai ta wanke hannu. Duk wanda ta duba, sai ta rubuta komai a katinsa, har da lambar wayar wanda ya kawo shi. Hannunta a ɗakin tiyata kuwa, ma'aikatan asibitin da kansu suke cewa ba su taɓa ganin irinsa ba.

An yi mata tayin aiki a can, da gida da mota. Ta ce a'a, mutanenta sun fi buƙatarta.

Wallahi yarinyar kirki ce.

Sai dai akwai abu ɗaya da babban malaminta na tiyata ya dasa mata a kai. Kullum yana cewa, "Jikin nasa ne, ba naki ba. Ki dube shi cikin ido, ki faɗa masa gaskiya, kada ki yi kwana-kwana."

A can, haka majinyaci yake so. In ka ɓoye masa, sai ku haɗu a kotu.

Ita kuwa ta ɗauko wannan darasin cak, yadda aka ba ta, ta kawo shi gida.

To, mu koma ranar Litinin ɗin.

Mutum sama da sittin ne a layi. Ta dubi agogo, ta dubi kati.

"Tanimu Garba? Zauna. Kwance ƙafar."

Haka kawai. Ba ina kwana, ba ya jiki. Sunan dattijo gatsal, a gaban surukinsa.

Malam Tanimu ya zauna, Sabi'u ya tsuguna ya kwance tsumman.

Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin. Gyambo ya cinye tafin ƙafar har ya kama idon sawu. Aka gwada jini, suga ya yi sama sosai. Shekara da shekaru yana da ciwon bai sani ba.

Ta duba da kyau, ta danna nan, ta danna can. Abin da ta gani daidai ne, babu likitan da zai ce ta yi kuskure a nan.

Sai ta ɗago, ta dube shi cikin ido kamar yadda aka koya mata.

"Ƙafar nan ta mutu. Sai an yanke ta daga ƙasan gwiwa, cikin satin nan. In ba a yanke ba, gubar za ta shiga jini, kuma ba na jin za ka wuce wata biyu."

Sabi'u ya sunkuyar da kai.

Sista Kande, tsohuwar nas da ta yi shekara talatin a asibitin, tana tsaye da auduga a hannu. Ta ce "Innalillahi" can ƙasan maƙoshi.

Malam Tanimu ya miƙa hannu ya ɗauki tsummansa. A hankali ya mayar ya naɗe ƙafar da kansa, ya ɗaure.

Sannan ya ce, "Likita, a can inda kika yi karatun, har da ranar mutuwar mutum ake koyarwa?"

Ta ce, "Ba haka nake nufi ba. Abin da gwaji ya nuna na faɗa maka."

Ya ce, "To, na gode. Wanda ya san ranar tawa bai aiko ki ba. Sabi'u, kama ni mu je."

Suka fita.

Ta ja katin ta rubuta cewa majinyaci ya ƙi amincewa da magani. Ta ce a shigo da na gaba.

Sista Kande ta jira sai da layi ya ƙare, bayan azahar. Ta rufe ƙofa, ta jawo kujera.

"Dakta, kin san sana'ar mutumin nan na ɗazu?"

"Ba a rubuta a kati ba."

"Ai ba ki tambaya ba. Tela ne. Shekara arba'in yana taka keken ɗinki da ƙafar nan. Da ita ya ci da iyalinsa, da ita ya aurar da 'ya'ya bakwai."

Shamsiyya ta ce, "To Sista, ƙarya zan yi masa?"

"Wa ya ce ki yi ƙarya? Ko ƙwayar zazzaɓi ai da ruwa ake haɗiye ta. A nan, irin wannan maganar gaisuwa ake fara yi. A ja ɗan uwa gefe a shaida masa. A zauna da mai ciwo a ba shi haƙuri, a tuna masa Allah, sannan a kawo maganar a hankali. Ke kuwa kin yanke masa ƙafa da baki tun kafin wuƙa, kika kuma ƙirga masa kwanaki. Haba Dakta! Musulmi dattijo za ki yanka wa wa'adi?"

Ran Shamsiyya ya ɓaci. Ita da ta bar daula ta dawo don mutanen nan, ita ake yi wa faɗa a kan gaisuwa?

Ta ce, "Na faɗa masa gaskiya. Ya san hanyar asibiti."

Sista Kande ta tashi ta ɗauki jakarta. Abin da ta ce kawai shi ne, "Magana zarar bunu ce, 'yata."

Yanzu ku lura da wani abu.

Shamsiyya tana da wata ɗabi'a da ta koyo a Jamus. Duk ranar Alhamis sai ta fito da katunan waɗanda ya kamata su dawo ba su dawo ba, ta bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Kafin zuwanta ba mai yin haka a asibitin.

Alhamis ta farko ta kira Sabi'u. Ya ce, "Ana yi masa na gida, Likita. An samo wani gari ana barbaɗawa."

Ta ce, "Garin ba zai yi ba. Ku kawo shi."

Ya ce to. Ba su zo ba.

Alhamis ta biyu ta kira sau uku, ba a ɗauka ba.

Ta ce a ranta ai ta yi iya nata. Amma abinci ya daina yi mata daɗi. Ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin tsumman nan, ta san ciwon ba ya jiran kowa ya huce.

Alhamis ta uku Sabi'u ya ɗauka. 

"Likita, jiki ya yi tsanani. Zazzaɓi ba ya sauka. Mun yi roƙon duniya ya ƙi. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, cewa ya yi ko gawarsa kada a kawo gabanki."

Ta ajiye wayar. Ta daɗe a zaune tana kallon katin.

A nan ta tuna da wani abu. A asibitin da ta yi aiki a Jamus, duk ranar Laraba likitoci sukan taru a ɗaki ɗaya, kowa ya faɗi kuskuren da ya yi a satin. Ta tuna ranar da wannan babban malamin nata, mai furfura, wanda kowa ke tsoro, ya miƙe a gaban ɗalibansa ya ce, "Ni na yi kuskure, kuma ga yadda na yi shi."

Ranar ta yi mamaki ƙwarai. Ba ta taɓa ganin babba ya yi haka ba.

Ashe darasi biyu mutumin ya ba ta. Ta riƙe na farko da ƙarfi, ta mance da na biyu.

Ta tashi ta nemi Sista Kande a ɗakin magani.

"Sista, na yi kuskure. Don Allah ki raka ni gidansa."

Sista Kande ta dube ta sama da ƙasa.

"To cire farar rigar nan, ki yafa mayafi. Kuma ba a zuwa dubiya hannu rabbana, mu tsaya a hanya ki sayi ko sabulu da ƙwai."

Bayan la'asar suka isa.

A zauren gidan suka fara cin karo da keken ɗinkin. An lulluɓe shi da tsohon zane. Gefe ga yadukan mutane a jibge, wasu an yanka ba a haɗa ba.

Suka yi sallama. Matarsa, Inna Hajo, ta amsa, ta shimfiɗa musu tabarma.

Malam Tanimu yana kwance a kan katifa a inuwar rumfa. Ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Da ya ga wadda ta shigo, sai ya juya fuskarsa bango.

Shamsiyya ta cire takalmi. Ba ta hau tabarmar ba. Ta durƙusa a ƙasa, gwiwa biyu.

"Baba, ina wuni?"

Shiru.

"Baba, ya jiki? Ya haƙuri da ciwo? Allah ya sa kaffara ne."

Shiru. Sai kukan kaji a bayan ɗaki.

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Baba, ba likita ce ta zo ba, 'yarka ce ta zo neman gafara. Na yi maka maganar da ban isa in yi wa mahaifina ba. Rai na Allah ne. Ban san ranar kowa ba, ko tawa ban sani ba. Ka yafe mini."



Can, bai juyo ba, ya ce, "'Yar waye ke a garin nan?"

"'Yar marigayi Malam Badamasi ce ni, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa."

Sai ya juyo a hankali. Ya ƙura mata ido.

"Badamasi? Allah ya jiƙansa. To ai ni na ɗinka miki kayan firamare. Ya kawo ki awo kina ta ɓuya a bayansa, da ƙyar na sa miki tef a kafaɗa."

Ya nuna ƙafar da ke naɗe.

"Wannan ce ta taka keken."

Jama'a, Shamsiyya ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifinta. Inna Hajo ma kuka, Sabi'u ya fita zaure.

Da kukan ya lafa ta ce, "Baba, da ƙafar hagu ana iya taka keke?"

Ya ɗan murmusa, na farko cikin sati uku in ji Inna Hajo.

"Tela na gaske ai ba ya zaɓen ƙafa."

"To Baba, Allah ne ya ba ka biyu. In ya karɓi ɗaya, ina roƙonka ka bar mu mu yi ƙoƙari a kan sauran jikin. Inna tana buƙatarka. Ga kayan mutane can a zaure suna jiranka. Waraka ta Allah ce, mu sababi ne kawai."

Ya ɗaga ido ya dubi rumfa.

Sannan ya ce, "'Yata, me ya hana ki faɗa mini haka tun ranar?"

Ta share hawayenta da bakin mayafi. 

Ya ce, "Duba ƙafar."

Sista Kande ta miƙo mata safar hannu. Ta kwance tsumman, ta share garin da aka barbaɗa.



Baƙin ya haura ƙwauri. Ya kama gwiwa, har ya ɗan wuce.

Ga wanda bai sani ba, gwiwa ba ƙaramin abu ba ce. Wanda aka yanke wa ƙafa aka bar masa gwiwa, in ya samu ƙafar roba zai taka da kansa zuwa masallaci, ya durƙusa, ya kai goshi ƙasa. Dattijo mai ciwon suga da aka yanke wa daga cinya, da wuya ya sake yin haka.

Sati uku da suka wuce, gwiwar nan lafiyarta ƙalau.

Yanzu ga wata gaskiyar kuma, wadda ta fi ta farko ɗaci, kuma ita ce dai za ta faɗa.

Ta jawo zane ta rufe ƙafar. Ta matso kusa, ta rage murya.

"Baba, na ga abin da na gani. In faɗa maka, ko in faɗa wa Sabi'u ya shaida maka?"

"Faɗa mini. Yau kunnena a buɗe yake."

"Sai haƙuri, Baba. Ciwon ya hau sama. Ranar da ka zo, da gwiwar za ta tsira. Yanzu ban ga hanya ba, sai dai daga cinya. Kuma ba zan ɓoye maka ba, bakina ne ya jawo wannan jinkirin."

Ya lumshe ido. Leɓɓansa suna motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya maimaita sau uku.

Sannan ya ce, "Bakinki da zuciyata, su biyu suka haɗu. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini. Ku kira Sabi'u ya nemo mota."

Washegari da safe ta yi aikin. Gubar ta riga ta fara shiga jini. Kwana tara yana kwance rai a hannun Allah, ita kuwa tana kansa, tana canza magani, tana auna suga, tana wanke ciwon da hannunta. Duk abin da ta koyo a shekara goma sha biyu sai da ta zazzage shi a kan gadon nan.

Sauran likitocin sun ce da wani ne ya riƙe shi, da wuya ya tashi.

Allah ya tashe shi.

Bayan wata biyar, wata ranar Litinin, aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta. Sai ga Malam Tanimu a kan sanduna biyu, Sabi'u na biye da shi da leda a hannu.

Ta miƙe tsaye, ta zagayo ta durƙusa ta gaishe shi, mutanen layi suna leƙe.

Ya karɓi ledar ya miƙa mata. Farar rigar likita ce, sabuwa dal.

"Ɗinkin ƙafar hagu ne. In kin ga layin aljihu ya karkace, ki yi haƙuri, har yanzu muna sabawa da juna ni da ita."

Layin kuwa ya karkace.

Yau shekara biyu ke nan, rigar nan take sawa. Ta fara dafewa, an ce ta canza, ta ƙi. Duk wanda ya shigo ɗakinta, yaro ko babba, sai ta ajiye biro ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi sana'arsa. Sannan ta faɗa masa gaskiya, duka, ba ragi.

Matasan likitocin da ke zuwa koyon aiki a wurinta kuwa, duk ranar Laraba tana tara su, kowa ya faɗi kuskurensa. Ita take fara faɗar nata.

Amma akwai hanyar da ba ta son bi ranar Juma'a.

Sau ɗaya ta bi ta gaban masallacin unguwar su Malam Tanimu, sahu ya fito har titi, dole ta tsaya da mota.

Can a ƙarshen sahu ta hango shi a kan farar kujerar roba, sandunansa a ajiye a gefe.

Liman ya yi kabbara. Dubban mutane suka kai goshi ƙasa.

Malam Tanimu ya sunkuya a kan kujerarsa iya inda zai iya, goshinsa a iska.

Ta kifa kai a kan sitiyari. Har aka sallame ba ta ɗago ba.

Darasi:

Ku je ku yi karatu, ko'ina ne a duniya. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Ilimin da Shamsiyya ta samo a waje shi ya ceci ran Malam Tanimu, shi ya koya mata bin sawun majinyaci, shi ya ba ta ƙarfin halin cewa "na yi kuskure."

Amma ranar da za ka dawo, ka tuna wa za ka yi wa aiki. An koya maka abin da za ka faɗa. Yadda za ka faɗe shi ga mutanenka, wannan a gida ake koyonsa, a bakin irin su Sista Kande da ba su taɓa hawa jirgi ba.

Gaisuwar da ta ga kamar ɓata lokaci ce ba ta kai minti biyu ba. Rashinta ya ci gwiwar bawan Allah.

In kana da ɗa, ko ƙanwa, ko aboki da ke karatu a waje, tura masa wannan tun kafin ya haɗa kayan dawowa. Sauran kuma ku yaɗa, ba ku san kunnen da zai faɗa ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa iliminmu ya amfani mutanenmu.